Ƙaton Babur Da Hanyar Daji: Me Zai Hana Mu Yi Tamu Gasar A Wushishi?



Duk shekara idan watan Janairu ya kama, wayoyin samarinmu sukan cika da hotunan gasar Dakar, inda za ka ga Turawa a kan manya-manyan babura suna keta rairayi, ƙura na tashi a bayansu kamar guguwa. Daga nan sai musu ya kaure a majalisa. Wannan ya ce shi da zai samu irin wannan mashin, da ya je Bida ya dawo kafin shayi ya huce. Wancan ya ce ai wannan aikin banza ne, masu kuɗi ne kawai suka rasa yadda za su yi da dukiyarsu. To ni dai ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. A ganina girman babur ba ya sa mutum ya zama gwanin daji, kuma gwanayen da ake magana a kai muna da su a nan, su ne suke ɗauko mana kaya daga ƙauyuka kullum. Abin da ya rage shi ne mu shirya musu gasa tasu, mai tsari, a kan irin baburan da suke hawa.

Bari in fara da ita gasar, domin da yawa daga cikin masu kallonta ba su san cewa ta ƙofar gidanmu ta riƙa wucewa ba. Wani Bafaranshe ne mai suna Thierry Sabine ya ƙirƙiro ta, bayan ya ɓata a hamada a kan babur a 1977. An tashi daga birnin Faris ranar 26 ga Disamba, 1978 da ababen hawa 182, aka ratsa Aljeriya, aka shigo Nijar ta Agadas, aka bi Yamai, aka shiga Mali, aka isa Dakar ranar 14 ga Janairu, 1979. Guda 74 ne kawai suka kai. A shekarun da suka biyo baya gasar ta sha yada zango a Agadas da Tawa da Damagaram, wato garuruwan da wasunmu a nan suke da dangi, wasu ma daga can kakanninsu suka taso. A 1983 guguwar rairayi ta turnuƙe masu tseren a hamadar Tenere har kimanin mutum 40 suka ɓace, sai da aka yi kwanaki ana nemansu da jirgi mai saukar ungulu. A 1997 ma daga Dakar aka tashi aka zo Agadas aka koma. Ita kuwa hanyar, mutanen ƙasar ne suka san ta, irin su marigayi Mano Dayak, Buzun nan na Agadas da ya yi aiki tare da Sabine.

Yanzu dubi sunayen baburan da ake sayarwa masu kuɗi a Turai. Yamaha Ténéré, sunan hamadar gabashin Agadas ne. Honda Africa Twin. Aprilia Tuareg, wato Buzu. Sun ɗauki sunan ƙasarmu da na mutanenmu sun manna a jikin tanki, suna cin kasuwa da shi shekara da shekaru, mu kuma muna nan muna hangame baki muna kallo a waya. Wallahi abin yana ɗan sosa mini rai. Amma ba kuka na zo yi ba.

Mu koma kan girman. BMW R 1250 GS Adventure, wanda shi ne sarkin irin waɗannan babura a idon jama'a, nauyinsa kilo 268 ne idan an cika masa tankinsa mai cin lita 30. Ɗan kasuwa ya auna da buhu: kusan buhu uku ke nan na masara, kafin mahayi ya hau, kafin a ɗaura akwatuna. Ténéré 700 da ake cewa mai sauƙi ne, shi ma ya ɗan haura kilo 200. Boxer ɗin da ke ƙofar shagonka kuwa kaɗan ya wuce kilo 100. A kan kwalta wannan nauyin ba ya damun kowa, hasali ma daɗi yake ƙarawa, babur ya zauna daram, iska ba ta kaɗa shi, ka yi tafiyar yini guda bayanka bai ƙage ba. Wannan kam gaskiya ne, ba zan hana su haƙƙinsu ba. Shokozobarsu doguwa ce, tana shanye ramin da zai watsar da ɗan kabu-kabu da fasinjansa. Amma da zarar an sauka daga kwalta, lissafi ya canza.

Duk wanda ya taɓa shiga yashi da babur ya san abin da zan faɗa. Tayar gaba za ta fara rawa, zuciyarka ta ce maka saki totur ka kama birki. To a nan faɗuwar take. Kana sakin totur nauyi zai koma gaba, taya ta nitse, kan babur ya murɗe, sai dai ka ji ka a ƙasa. Abin da gwanaye suke yi shi ne su miƙe tsaye a kan matakai, su ja jiki baya, su riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi, su bar kan babur ya yi 'yar rawarsa, idonsu kuma yana can gaba inda za su fita. Wannan ƙa'idar ɗaya ce ga ƙaramin babur da babba. Bambancin yana wajen kuskure. Idan Boxer ya karkata, ka dire ƙafa ɗaya ka tare shi, tafiya ta ci gaba. Idan kilo 268 ya karkata, ƙafarka ba za ta tare shi ba, kuma in ka dage, ƙafar ce za ta karye. Ya faɗi, sai ɗagawa. Ka ɗaga sau ɗaya, sau biyu, sau uku a cikin zafin rana da kayan kariya a jikinka, a na huɗu hannunka ya mutu, hankalinka ya fara gushewa, daga nan kuma kuskure sai ya riƙa haifar kuskure.

Wannan a yashi ke nan. To ina ga taɓon fadamunmu na bakin kogin Kaduna a watan Agusta? Ƙasar shinkafa ce, idan ta sha ruwa kama taya take yi kamar danƙo, ta cushe tsakanin taya da madigadi har taya ta daina juyawa. Mutum biyu za su ciccibi Boxer su fitar da shi, ko su ɗora shi a kwale-kwale a haye da shi. Ƙaton babur kuwa sai an tara ƙauye. In ya lalace fa? Boxer ko a wane ƙauye akwai bakaniken da zai kwance kafireto ya busa ya mayar, ya goge fulogi, ya ɗaure sarƙa, mai faci yana gefe. Waɗancan kuwa kwamfuta ce take sarrafa man da suke sha, idan ta yi fushi sai an kawo wata kwamfutar ta tambaye ta abin da ke damunta. Ga shi ba sa shiri da man kwalba na bakin hanya.

Ba ni kaɗai na ga haka ba, su kansu masu gasar sun gani. Wanda ya ci ta farko a 1979, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT500 ya ci, babur mai silinda ɗaya, kuma a shekarar har motoci ya tsere wa. Daga baya kamfanoni suka shiga rige-rigen girma. BMW ta ci a 1981 da 1983 da Hubert Auriol, ta sake ci a 1984 da 1985 da Gaston Rahier, Honda ta karɓe daga 1986 zuwa 1989. Shi Rahier ɗin nan ɗan ƙasar Beljiyam ne, gajere ƙwarai, idan ya hau babur ɗinsa ƙafarsa da kyar take taɓa ƙasa. Masu son ƙaton babur sukan kawo shi a matsayin hujja. Amma sun manta cewa kafin ya zo hamada sau uku yana zama zakaran duniya a tseren ƙananan babura masu injin 125, daga 1975 zuwa 1977. A kan ƙaramin ya koyi aikin. Gudu ya yi ta ƙaruwa, gawa ma ta yi ta ƙaruwa. Fabrizio Meoni na Italiya, wanda ya ci gasar a 2001 da 2002, ya rasu a cikinta a Muritaniya a 2005. A ƙarshe dai, daga 2011 aka ƙayyade cewa manyan 'yan tsere ba za su hau abin da injinsa ya wuce 450 ba. Baburan da kake gani suna tashi sama a Dakar ta yau dogaye ne, tayarsu ta gaba inci 21 ce, suna ɗaukar mai fiye da lita 30, amma silinda ɗaya gare su, kuma nauyinsu bai kai na GS ba ko kusa. Masu silinda biyu sun koma wata gasar da ake kira Africa Eco Race, wadda har yanzu take ƙarewa a Dakar, kuma masu cin ta da su ƙwararru ne da kamfani yake biya, ba alhajin da ya sayi babur jiya ba.

Ko Kunle Adeyanju, ɗan Nijeriyar nan da ya taso daga Landan ya zo Legas a kan babur a 2022 don yaƙi da cutar shan inna, babur matsakaici ya hau, bai nemi cikin ƙattin ba.

Yanzu mu dawo gida. Mahaifina sana'arsa sayen hatsi, kuma tun ina ƙarami na san cewa daga watan Yuli zuwa Oktoba akwai ƙauyukan da mota ba ta shiga. Kayan da ke fitowa daga can a bayan babur suke fitowa. Za ka ga yaro ɗan shekara ashirin ya ɗaura buhu biyu na shanshera a kan Boxer, ɗaya a kariya ɗaya a kan kujera, shi kuma ya matsa ya zauna a kan tanki, da silifas a ƙafarsa, ya ratsa kwazazzabo, ya bi kan kunya, ya haye rafi, ya iso kasuwa bai jiƙa buhu ba. Ya sauke ya koma. Ya san inda zai rage iskar taya, ya san launin ruwan da ke nuna akwai rami a ƙasa, ya san giyar da zai shiga taɓo da ita don kada ya canza a tsakiya. Idan ka haɗa nauyin babur ɗinsa da kayan, ya kamo na GS ko ya wuce, a kan taya inci 17 da injin 100. Ba wanda ya taɓa tafa masa. Abin da yake samu a wurinmu shi ne cinikin kuɗin dako, mu rage masa naira ɗari biyu mu ji mun yi wayo.

Wani abin da zai ba ka mamaki, kamfanin Bajaj na Indiya mai yin Boxer tun 2007 yake da hannun jari a KTM, wato kamfanin da ya ci Dakar sau 18 a jere daga 2001 zuwa 2019, kuma da KTM ya durƙushe da bashi, Bajaj ne ya ɗaga shi a 2025. Kamfanin Hero, wanda shi ma yake sayar da babura a Nijeriya, da babur ɗinsa Ross Branch ya zo na biyu a Dakar a 2024, ya kuma zama zakaran duniya na irin wannan tsere a shekarar. Ross Branch ɗan Botsuwana ne, ɗan Afirka. Kuɗin da waɗannan kamfanoni suke kashewa a hamada, wani kaso nasa daga aljihun 'yan kabu-kabunmu ya fito.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce a wannan zamani da muke ciki, wa zai tara samari da babura ya ce su shiga daji? Ba mu manta da ɗaliban Kagara ba a watan Fabrairun 2021, ba mu manta da yaran Islamiyyar Tegina ba a watan Mayun shekarar, waɗanda sai a Agusta suka dawo. Ba mu manta da sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar Zungeru zuwa Tegina a watan Agustan 2023 ba. Duk a kan babura aka zo. Har ta kai a 2021 gwamnatin Jihar Neja ta hana sayar da babura, saboda ɓarayin daji sun koma neman sababbin mashina a cikin kuɗin fansa. Akwai ma wata Honda da mutane suka laƙaba wa suna "Boko Haram". Yau a wasu ƙauyuka ƙarar babura uku a jere ta isa ta sa mata su kwashi yara su faɗa gona.

To amma ita Dakar ɗin ma abin da ya kore ta daga Afirka ke nan. A shekarar 2000 da aka iso Yamai, sai da aka kwashi gasar gaba ɗaya a jiragen sama zuwa Libiya saboda barazanar hari a arewacin Nijar. A 2008 aka soke ta ɗungurungum bayan kisan wasu Faransawa huɗu a Muritaniya. Ta koma Kudancin Amurka daga 2009, ta dawo Saudiyya daga 2020. Su baƙi ne, sun naɗe tabarmarsu sun tafi. Mu ina za mu? Idan muka ce duk gwanintar hawan babur a daji ta ɓarawo ce, mun sallama masa dajin da babur ɗin baki ɗaya, mun kuma sa yaron kirki da ke ɗauko mana shinkafa a layi ɗaya da shi. Masu cewa gasa za ta koya wa ɓarayi tuƙi, su yi haƙuri, waɗancan ba su jira mu ba. Abin da gasa za ta yi shi ne ta fito da na kirki fili, da sunansa, da sunan mahaifinsa, da mai unguwar da ya tsaya masa.

Malamai kuma za su ce almubazzaranci ne da jefa kai cikin halaka. Idan irin wasan da ake yi ranar kai amarya ake nufi, ina bayansu ɗari bisa ɗari. Yara su cire salansa, su goya uku-uku, su ɗaga tayar gaba a tsakiyar mutane, a tashi daga gidan biki a wuce wajen mai ɗori. Wannan ganganci ne tsantsa. Amma me ya sa suke yi? Jinin samartaka ne yake neman inda zai nuna kansa, kuma ba mu ba shi fili ba. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa aka yi sukuwa, aka yi kokawa, aka yi dambe, kowanne da filinsa da alƙalinsa da lokacinsa. Ko bikin kamun kifi na Argungu an daɗe ana haɗa shi da tseren motoci, ba wanda ya ce gari ya lalace.

Akwai abu guda da ba zan so mu kwaikwaya daga Dakar ba ko kaɗan, wato raina mutanen hanya. A 1988 motar gasa ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na Mali. A 2006 yara biyu aka kashe, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Sunayen direbobin da suka mutu kowa ya haddace, na yaran ƙauye kuwa sai an bincika. Mu Hausawan da muke zaune a nan ya kamata mu fi kowa kiyaye wannan. Gonakin da hanyar za ta ratsa akasari na maƙwabtanmu Nufawa da Gwarawa ne, ga Fulani da shanunsu. Zaman amana muke yi da su, da su muke ciniki, da su muke auratayya. Ba za a ja layi a takarda a cikin gari a ce babura za su bi ta ƙauyen wani ba tare da an je an zauna da dagacinsa ba. Su ma 'ya'yansu su shiga, don a gaskiya a cikin fadama wasunsu sun fi namu iyawa.

Yadda nake hango abin, ba wani babban al'amari ba ne da sai an jira Abuja. A yi shi bayan an gama girbin shinkafa, a Disamba ko Janairu, ƙasa ta bushe, aljihu da ɗan nauyi. Da rana tsaka, a fara da hantsi a gama kafin la'asar. Hanyar kuma masu unguwanni da 'yan banga da jami'an tsaro su za su zaɓa, a ɓangaren da suka tabbatar da lafiyarsa, ko da kilomita 40 ce kawai a zagaye. Ba a sakin babura gaba ɗaya kamar garken shanu. Ɗaya bayan ɗaya ake saki, da tazarar minti biyu, agogo ne alƙali, kamar yadda ake yi a can. A cikin ƙauye kuwa akwai iyakar gudu. A Dakar na'ura ce take kama wanda ya wuce kilomita 30 ko 50 a awa inda aka ƙayyade, a ƙara masa mintuna. Mu ba mu da na'ura, amma muna da dattijo da agogo a mashigar gari da wani a mafita, duk wanda ya fito kafin lokacinsa ya faɗi. Ba hular kwano da takalmi sau-ciki, ba shiga. Ko can sai da mutum biyu suka mutu a 2020 sannan aka tilasta rigar nan mai kumbura da iska daga 2021, mu ba sai mun jira gawa ba.

Ajin da na fi ƙwallafa rai a kansa shi ne na masu kaya. Kowa a ɗaura masa buhu guda da aka auna a sikeli, wanda ya iso da buhunsa a bushe, bai yage ba, cikin mafi ƙarancin lokaci, shi ne gwani. Kuma ba bakanike. A Dakar akwai wani aji da mahayi ba shi da mai taimako, akwatin ƙarfe ɗaya kawai ake ɗaukar masa, shi zai yi tsere da rana ya yi gyara da dare, kuma su ne 'yan kallo suka fi girmamawa. To wannan ai rayuwar yaranmu ce ta kullum. Idan wani mai fawa-bayik daga Minna ko Abuja yana sha'awa, bismillah, a buɗe masa ajinsa, a bi hanya ɗaya, a gwada lokaci. Ni dai ina da wanda zan sa wa ido, kuma ba shi ba ne.

Kyauta fa? Kuɗin GS guda ɗaya zai sayi Boxer fiye da goma, mu guda ɗaya tak muke nema na wanda ya zo na ɗaya, sai tayoyi da hulunan kwano na masu bi masa. Wannan bai fi ƙarfin 'yan kasuwar hatsi na Wushishi da Zungeru ba, balle a haɗa da dillalan babura na Minna. Akwai kuma wata riba ta gefe. Kafin a yi gasa dole a bi hanyar a rubuta ta dalla-dalla, ina kwalbati ya karye, ina ruwa ya cinye, ina gada take nema. Wannan takardar kanta abin ɗauka ce a kai wa shugaban ƙaramar hukuma kafin damina ta sake faɗuwa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu da na 'yan kasuwa su sa maganar a zamansu na gaba. Wanda yake da ɗan'uwa a cikinsu ya karanta masa wannan, domin akasarin waɗanda nake magana a kansu suna kan hanya, ba su da lokacin karatu a waya.